Idan Dogaran Jiki Suka Juya Wa Mai Gida

Duk wanda ke zaune a Maigatari, ko Gumel, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya saba ganin ma'aikatan lafiyan nan da kan bi gida-gida da damina suna ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Wata-wata suke zuwa, tun daga Yuli har Oktoba, waɗanda ake ba kuwa su ne 'yan wata 3 zuwa wata 59. Kafin su ɓare ƙwayar sukan yi wa uwar yaro tambayoyi. A ciki akwai biyu da nake so mu tsaya a kansu. Ta fari ita ce ko yaron yana shan Septrin a halin yanzu. Ta biyu kuwa, ko ya taɓa shan Fansidar ko Septrin jikinsa ya yi ƙuraje ko ya kumbura. Iyayenmu mata da yawa sukan ce a'a tun ba a rufe baki ba, don ga tuwo a wuta, ga yara na kuka. Amma tambayoyin nan ba don cika takarda ake yinsu ba. Suna da tushe, tushen kuwa yana cikin jinin kowane ɗayanmu.

Allah ya halicci jikin mutum da dakarunsa na tsaro, watau fararen ƙwayoyin jini. A ɓargo ake ƙera su. In aka ɗibi jinin lafiyayyen mutum ɗan kaɗan, kamar girman kan fil, aka duba da madubin likita, za a sami tsakanin 4,000 da 11,000 daga cikinsu. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Metchnikoff shi ya fara gane aikinsu sosai. A shekarar 1882, yana zaune a Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin 'yar tsutsar wata halittar teku wadda ana iya ganin cikinta kamar kwalba. Da gari ya waye ya duba, sai ya ga waɗansu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar suna neman haɗiye ta. Abin da ke faruwa ke nan a ƙafarka in ka taka ƙaya a gona. Mugunyar da kake matsewa, yawancinta gawawwakin dakarun nan ne da suka faɗi a wurin yaƙi. Kaluluwar da ke fito maka a matsematsi kuwa, barikinsu ce ta cika da taro.

Dakarun nan iri-iri ne, amma uku sun ishe mu a wannan darasi. Akwai masu haɗiya, irin waɗanda Metchnikoff ya gani. Akwai masu jaka, waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin mast. Su a fata da hanci da maƙogwaro da hanji suke zaune, kowace da jakunkunanta cike da wani sinadari wai shi histamin. Sa'an nan akwai ƙwayoyin T, waɗanda su ne masu binciken takarda, kuma a cikinsu akwai masu kisa.

Yaya dogari zai bambanta ɗan gida da baƙo? Wanda ya taɓa shiga kara ran Alhamis a kasuwar Maigatari ya ga yadda shanu da raƙuma ke zuwa daga Nijar, da yawa cikinsu da shaidar mai su a jiki. To, haka kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka take ɗauke da shaidarka. Masana suna kiran wannan shaida HLA, gadonta ake yi daga uwa da uba, kuma da wuya taka ta zo daidai da ta wani, sai fa 'yan biyu masu kama ɗaya, ko wani lokaci ɗan'uwanka shaƙiƙi. Ƙwayar T tana zagawa tana duba shaidar nan dare da rana. In ta ga ta gida ce, ta wuce. In ta ga an sami wani canji, kamar a ce ƙwayar cuta ta shiga ciki ta ɓuya, sai ta kashe wannan ƙwayar halittar, ta kuma aika wa sauran dakaru saƙo. Saƙon nan sinadari ne da ake kira sayitokin, shi ne kamar gangar yaƙi. Zafin jikin da kake ji in kana zazzaɓi, amsa gangar nan ce jiki ke yi.

A nan fa gizo ke saƙa. Dogarin da ke da ikon kashe ɓarawo yana da ikon kashe mai gida in ya yi kuskure. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan sa shi kuskure kuwa shi ne magani.

Kuskuren iri biyu ne, mai gaggawa da mai jinkiri. Mai gaggawa aikin masu jaka ne. Mutum ya taɓa shan magani ko an taɓa yi masa allurarsa, alal misali fenisilin, jiki ya riƙe shi a matsayin abokin gaba ba tare da an sani ba. Ran da aka sake, sai jakunkunan nan su fashe gaba ɗaya. In abin ya zo da sauƙi, shi ne borin jini: fata ta yi tudu-tudu, ga ƙaiƙayi. In ya zo da ƙarfi, cikin 'yan mintoci leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya tsuke, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya yanke jiki. Faransawa biyu, Portier da Richet, su suka gano wannan a 1902, sa'ad da suka ga karen da ya jure dafin wata halittar teku karo na farko, aka sake ba shi ɗan kaɗan bayan makonni, ya mutu nan take. Maganin wannan shi ne allurar adirenalin a cinya, ba da ɓata lokaci ba. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya tsuke. Dalili ke nan da ya sa a asibiti akan ce ka ɗan zauna bayan allura, dalili ke nan kuma da ya sa allurar da ake yi a bayan shago ko a zaure take da haɗari, ko da mai yin ta ya iya hannu.

Iyayenmu za su ce ai sun san wannan, sun sha ƙaiƙayin kulorokwin a zamaninsu. Wannan dabam ne. Kulorokwin jijiyoyin ƙaiƙayi yake tsokana kai tsaye, kamar yadda bincike ya nuna a 2009, ba dakarun jiki ba. Ƙaiƙayin nan yana hana barci, amma ba ya saɓe fata.

Kuskure mai jinkiri shi ne ya fi damuna, gama shi ne wanda ba mu sani ba. A 1922 likitocin yara biyu a Amurka, Stevens da Johnson, suka ba da labarin yara maza biyu, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 8, masu zazzaɓi da ƙuraje, bakinsu ya ɗaye, idanunsu na zubar da mugunya. Tun daga nan ake kiran ciwon da sunansu. A 1956 kuma wani likitan fata a Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana irinsa mafi tsanani, inda fata ke saɓewa kamar wanda ruwan zafi ya zube wa. Yau an san ciwo ɗaya ne, girma ne ya bambanta. In fatar da ta saɓe ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, shi ne na Stevens da Johnson. In ta wuce kashi 30, shi ne na Lyell, wanda yakan kashe kusan mutum ɗaya cikin uku. A 2016 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ja hankalin 'yan Nijeriya a kansa, har mutane da yawa suka ɗauka wata sabuwar annoba ce ta ɓullo. Ba sabo ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ga yadda yake faruwa. Maganin ya shiga jini, ya je ya maƙale a kan shaidar nan ta HLA da ke jikin ƙwayoyin fata, sai kamanninta su sauya. Ƙwayar T ta zo bincike, ta ga shaidar da ba ta sani ba. Ba nan take za ta auka ba, sai ta hayayyafa tukuna ta tara runduna, wannan kuwa yana cin kwanaki. Shi ya sa ciwon kan fito tsakanin kwana 4 da kwana 28 bayan an fara shan maganin. Sa'ad da rundunar ta cika sai ta zuba wa fata dafinta, ƙwayoyin fatar sama su mutu, fatar ta rabu da ta ƙasa.

Jinkirin nan shi ne ke yaudarar mutane. Wa zai tuna da ƙwayar da ya haɗiya mako biyu da suka wuce? Ko wa zai zargi maganin da ya yi kwana goma yana sha lafiya lau? Abin da ake fara gani shi ne zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da idanu suna ja suna raɗaɗi. Sai a ce ai zazzaɓin ne bai fita ba. Sai a koma kemis. In an yi rashin sa'a, maganin da ya ta da fitinar, ko ɗan'uwansa, shi za a ƙaro. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙuraje su fito a ƙirji da fuska, jajaye masu duhu a tsakiya, sai kuma a ce ƙyanda ce, a rufe yaro a ɗaki. Alhali akwai bambanci da ido zai iya gani. Ƙyanda takan zo da tari da majina, ƙurajenta su fara daga bayan kunne, in za ta warke fata ta yi ɓarje-ɓarje kamar dusa. Wannan kuwa fatar ce kanta ke ciwo in an taɓa, tana yin bororo mai ruwa, in an ɗan murza sai ta zame. Leɓe ya tsattsage ya yi baƙin ɓawo, baki ya kasa karɓar ko da ruwa, fitsari ya riƙa zafi, fatar ido ta manne da safe.

Magungunan da suka fi jawo shi sanannu ne, kuma duk ana samunsu a ƙasarmu. Akwai magungunan farfaɗiya, kamar Tegretol da fenitoyin da fenobabiton da lamotirijin. Akwai alofurinol na wani irin ciwon gaɓoɓi, da nebirafin na ƙanjamau, da firoksikam da ake sha don ciwon jiki. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne dangin salfa. Ku lura da wannan, 'yan'uwana, don shi ne amsar tambayar ma'aikatan nan: Septrin da Fansidar sunansu dabam, kwalinsu dabam, ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta ɗaya na zazzaɓin sauro, amma kowannensu da salfa a cikinsa. Haka Amalar da Maloxine, duk Fansidar ce ta sake riga. Jikin da ya ƙi ɗaya ana tsoron zai ƙi sauran, karo na biyu kuwa yakan fi na farko sauri da tsanani. Har ila yau salfar da ke cikin Fansidar mai daɗewa ce, sai an yi kusan mako guda kafin rabinta ya bar jini. Saboda haka ko an daina sha, tana nan tana tunzura dakaru.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to, shi ke nan, ba za a ba ƙanensa maganin damina ba. Wannan wauta ce. Ciwon Stevens da Johnson cikin mutum miliyan guda ba a cika samun goma a shekara ba, zazzaɓin sauro kuwa babu unguwar da bai sa kuka ba. Gwaje-gwajen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su a 2012, sa'ad da ta yarda da wannan rigakafi, sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin yara. Inda aka ga haɗarin Fansidar sosai shi ne a wajen matafiya Amurkawa da ke shanta kowane mako ba fashi: an sami mummunan ciwon fata ga mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000, har a 1985 aka daina ba da ita haka barkatai. Shan wata-wata dabam ne. Abin da ake bukata kawai shi ne a tsame ɗan yaron nan guda da jikinsa ya taɓa ƙi, a ba sauran.

Akwai wani irin kuma da ya fi wannan jinkiri, wanda a ƙasarmu Nijeriya aka fara lura da wani reshensa. Wani likita Bature, John Lowe, yana aiki a asibitin kutare na Uzuakoli, can ƙasar Ibo, yana cikin waɗanda suka fara ba kutare ƙwayar dafson ta baki. Maganin ya yi aiki ƙwarai, kuma ga araha, har yau ma yana cikin haɗin magungunan kuturta da ake bayarwa kyauta. Amma a 1950 Lowe ya ba da labarin cewa waɗansu 'yan kaɗan cikin masu sha, bayan kamar mako biyar ko shida, sukan kamu da zazzaɓi da ƙuraje, kaluluwa ta fito ko'ina, ido ya yi rawaya kamar mai shawara. A nan ba fata kaɗai dakarun suka auka wa ba, har da hanta, wani lokaci da ƙoda ko zuciya. Daga baya aka ga magungunan farfaɗiya da alofurinol su ma suna yin haka, tsakanin mako 2 da mako 8, fuska ta kumbura sumtum. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda dafson ya yi wa haka ba sa tashi, yawanci don hanta ta gaza.

Mafi ban tsoro duka shi ne in gangar yaƙin ta ƙi yin shiru. A ƙa'ida, in an gama yaƙi, masu kisa sukan kawar da ƙwayoyin da ke kiran yaƙin, kowa ya koma bariki. In wannan ya gagara, sai sayitokin ya yi ta ƙaruwa, masu haɗiya su haukace, su shiga haɗiye ƙwayoyin jinin mai gida a cikin ɓargo da saifa. Zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura, jini ya ƙare ko an ƙara. Likitoci suna kiran wannan HLH a taƙaice. Wani jariri da gadonsa ake haifarsa, kamar 'yan'uwa biyu da aka ba da labarinsu a Edinbara a 1952. Ga manya kuwa yawanci wata cuta ce ke ta da shi, kamar tarin fuka ko sankarar jini, jefi-jefi kuma magani. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan lamotirijin. Abin mamaki, maganinsa shi ne a danne dakarun jiki da gangan. Ƙarfin gangar nan ya bayyana a Landan a watan Maris na 2006, sa'ad da aka gwada wani sabon magani mai ta da ƙwayoyin T a kan samari shida lafiyayyu. Abin da aka ba su ya gaza wanda birai suka jure har sau 500, amma cikin sa'o'i kaɗan duka shidan suna kwance rai a hannun Allah. Sun rayu, ɗaya dai ya rasa yatsunsa na ƙafa.

To, me ya sa mutum dubu za su sha magani lafiya, ɗaya ya saɓe? Mu a nan in haka ta faru sai mu ce jabu ne, ko ya lalace, ko kuwa sammu ne. Jabun magani yana nan, ba a musu, amma wannan ciwo magani mai kyau ma, mai lambar NAFDAC, wanda likita ya rubuta, yana jawo shi. Sirrin yana ga shaidar nan da aka gada. A 2004 masana a Taiwan suka gano cewa kusan duk Sinawan da Tegretol ya saɓe wa fata suna da wata irin HLA guda. A 2013 aka gano wata irin a ƙasar Sin da ke tafiya da ciwon dafson. Shi ya sa a Taiwan da Singafo akan gwada jinin mutum kafin a fara ba shi Tegretol. Tun da abin na gado ne, in magani ya taɓa yi wa wani a gida haka, ya kamata 'yan'uwansa su faɗa wa likita. Masu ɗauke da ƙanjamau kuma haɗarinsu ya ninka na sauran mutane kamar sau ɗari.

A ganina babban abin da ke kashe mu a wannan sha'ani shi ne haɗi. Mutum ya dawo daga gona ko daga kasuwa jiki ya yi tsami, ya tsaya wurin mai tallar magani a faranti ko a kwando, a ɗauko ja, da fara, da mai ruwan ɗorawa, a ƙulle masa a leda. Babu kwali, babu suna. In ƙuraje suka fito bayan kwana goma, likita ya tambaya me ya sha, sai ya ce wata 'yar ja ce. 'Yar ja kuwa ta fi ɗari. Likitan da bai san sunan magani ba, ba shi da abin da zai hana mutum sake sha. Nan ne aikinmu yake, mu 'yan makaranta, tun da a gidaje da yawa mu ne masu karanta boko. Duk maganin da aka kawo gida, a karanta sunansa, da babban sunan da ƙananan da ke ƙarƙashinsa, a rubuta a bayan littafi tare da ranar da aka fara sha, kada kuma a yar da kwalin sai an yi wata biyu.

In wanda ya fara sabon magani cikin wata biyun nan ya yi zazzaɓi tare da ƙuraje, balle in baki ko ido ya taɓu, ko fuska ta kumbura, kada a ba shi ƙwaya ta gaba, a kai shi asibiti ran nan, da duk kwalaye da ledojin a hannu. An tabbatar cewa gwargwadon saurin tsai da maganin, gwargwadon tsira. Mai shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka ko na ƙanjamau, shi lalle ne ya ga likita a wannan yini, don a musanya masa da wani, gama zama babu magani shi ma haɗari ne. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin magani a inda ya saɓe, a lulluɓe shi da tsabtataccen zane kawai. A Babban Asibitin Gumel za a iya fara ƙarin ruwa a duba girman abin, in ya yi yawa a tura shi Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gama jinyarsa irin ta wanda wuta ta ƙona ce: ruwa, da abinci, da ɗumi, da tsare gyambon daga ƙwayoyin cuta. Fata takan tsiro cikin mako biyu zuwa uku. Ido shi ne ba ya jira. In ba a sami mai duba shi tun kwanakin farko ba, fatar ido takan manne da ƙwayar, mutum ya warke amma ya rasa gani.

Wanda Allah ya tashi kafaɗarsa, kada ya bar asibiti sai an rubuta masa sunan maganin da danginsa a kati. Ma'aikatan asibiti kuma suna da wata takarda mai ruwan ɗorawa da suke cikawa su aika wa NAFDAC, wadda ta buɗe cibiyar tattara irin waɗannan rahotanni a 2004. Ana iya tuna musu su cika. Katin nan a haɗa shi da katin shaida a aljihu, a nuna wa likita, da mai kemis, da ungozoma ranar awon ciki, tun da mata masu juna biyu ma Fansidar ake ba su.